YARO BA DUSA BA NE

Akwai wata kalma ta Turanci wadda kowane ɗalibin kwalejin horon malamai zai gamu da ita kafin ya karɓi takardar shaidarsa, watau "wastage". Tana cikin littattafan sha'anin tafiyar da makaranta, tana cikin rahoton masu duba makarantu, ta kan kuma fito a jarrabawa. Ɗalibi ya kan haddace ma'anarta da dare, gari ya waye ya juye wa mai jarrabawa, ya kama gabansa. Ni kuwa ina ganin ta fi ƙarfin haddar dare ɗaya, don yadda malami ya fahimce ta, haka zai riƙi yaran da aka danƙa masa amana. Abin da na ke so in nuna muku, 'yan'uwana malamai da ɗalibai, shi ne kalmar nan ta kaya ce, a wurin ma'ajin kaya aka haife ta, sa'an nan aka ɗauko ta aka aza wa 'yan Adam. Tana da amfani, amma in ba mu yi hattara ba, za ta koya mana duban yaro kamar yadda mai awo ke duban hatsin da ya zube ƙasa.

Bari mu fara daga tushe. Uwar kalmar ita ce "waste", wadda Turawan Ingila suka samo daga Faransancin mutanen Nomandi, waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi a 1066. Can asali kuwa daga Latin ta ke, ma'anarta kango, ko fili fetal wanda babu kowa babu komi. Daga baya aka yi mata wutsiya ta zama "wastage". Wutsiyar nan ita ce ta su "leakage" da "breakage", watau yoyo da fashewa, kalmomin fatake da akawuna, waɗanda a ke rubutawa a gefen littafin lissafi. Bambancin da masana Turanci su ka yi tsakaninsu shi ne, ta farko tana nufin ɓannatar da abu ta hanyar ganganci ko sakaci, ta biyu kuwa yawan abin da ya ragu don kansa wajen aiki ko ajiya, ta hanyar yoyo, ko bushewa, ko ruɓa. Tun a 1926 wani masanin Turanci, H. W. Fowler, ya yi ƙorafi cikin littafinsa na gyaran harshe cewa mutane suna ɗaukar doguwar su bar gajerar, don kawai ta fi cika baki. Har gobe kuwa a ofisoshinmu haka a ke yi.

In kana son ganin ainihin ma'anar doguwar, ba sai ka buɗe ƙamus ba. Zo unguwarmu, Ƙofar Dumi, ka zaga da hantsi. Ga tela an kawo masa yadi biyar, ya san ba duka za su shiga riga ba, lalle almakashi ya bar ƙyallaye. Ga mai niƙa, an kawo masa tiya goma ta masara, ya san garin ba zai cika goma ba, wani ya tashi sama, wani ya maƙale a inji. Ga mai tumatir ya saro kwando a kasuwar Muda Lawal, tun bai sauke ba ya san na ƙasa ya ƙwaɓe. Ga mai manja, kowace kwalba ya juye sai wani abu ya saura a jikin mazurari. Dukansu babu wanda ya san Turancin abin, amma kowa ya san lissafinsa, ya kuma sa shi cikin farashi tun da wuri. Ku lura da abu uku game da irin wannan ragowa. Na farko, abin da ya ragu ba shi da suna, ƙwayar masara ɗaya ba ta bambanta da 'yar'uwarta. Na biyu, an san za a yi ta, an kuwa yarda. Na uku, ba a tuhumar kowa, don ba a kai tela gaban alƙali sabo da ƙyalle. Ku riƙe ukun nan, za mu komo kansu.

To, yaya kalmar ƙyalle da ruɓaɓɓen tumatir ta hau kan mutane? Ta ƙofar soja da ta ma'aikata ta bi. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, hafsoshin Ingila da ita su ke kiran mutanen da a ke rasawa kullum cikin ramukan daga, waɗanda harsashi ko ciwo ke ɗauka ɗaya ɗaya ko ba a yi wata babbar karawa ba. Suna lissafta su ne don su san sabbin sojan da za a aiko kowane wata. Masu kamfani kuma suna da abin da su ke kira "natural wastage", watau raguwar ma'aikata ta hanyar ritaya, ko mutuwa, ko barin aiki don kai, ba tare da an kori kowa ba. Ka ga a nan duka, wanda ke zaune a ofis da alƙalami shi ke buƙatar kalmar, don ta sauƙaƙa masa aiki. Uwar sojan nan ba ta taɓa kiran ɗanta da ita ba.

Shigarta sha'anin makaranta kuwa, wurin da ta fi yin suna shi ne Indiya, zamanin tana hannun Ingila. A 1929 wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Philip Hartog ya duba ilmin ƙasar, ya tarar yara suna cika aji ɗaya maƙil, amma kaɗan ke kai wa aji huɗu, alhali a ganin kwamitin sai yaro ya yi shekara huɗu karatu ke zama a kansa. Sai ya raba cutar gida biyu: fitar yaro daga makaranta kafin ya gama, ita ya kira "wastage", da kuma zaman yaro a aji ɗaya fiye da shekara, watau maimaita aji. Daga nan kalmar ta bi littattafan horon malamai ta yaɗu ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da tamu. A 1970 babban taron ilmi na duniya da a ke yi a Jeneba ya sa ta kan gaba cikin abin da ya tattauna, a 1971 kuma UNESCO ta buga littafi sukutum a kanta, na M. A. Brimer da L. Pauli. Tun daga lokacin, galibi in an ambace ta ana nufin abu biyun a haɗe, fita da maimaitawa.

Ga yadda a ke lissafin, don wanda bai kai wurin ba tukuna. A ce an ɗauki yara 60 a aji ɗaya. Bayan shekara shida aka duba, aka ga 40 sun gama aji shida, 12 sun bari a hanya, 8 kuma suna baya suna maimaitawa. Sai mai lissafi ya ce kashi ɗaya cikin uku ya tafi a "wastage". Hujjarsa kuwa ita ce, hukuma ta biya albashin malami, ta gina aji, ta sayi benci da alli sabo da yara 60, amma 40 kaɗai ta samu. Yaron da ya fita a aji uku ya ci kuɗin shekara uku babu takarda, wanda ya maimaita kuma ya ci kuɗin shekara biyu a kan aikin shekara ɗaya, ya kuma tare wa na baya gurbi.

Gaskiya ɗaya ce, wannan lissafi yana da amfani ƙwarai, ba kuwa zan ce a yar da shi ba. Kafin a fara shi, hukumomi da yawan yaran da aka rubuta kaɗai su ke taƙama. Mu a ƙasar nan mun ga abin da ido. A watan Satumba na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 za su zo aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Aka yi ta murna, aka buɗe azuzuwa har a gindin itatuwa, aka yi ta horon malamai cikin gaggawa. Amma shiga daban, gamawa daban. Wanda ya ƙidaya masu shiga ƙofa bai ƙidaya masu fita ta taga ba, ya yaudari kansa. Wannan kalma ita ta tilasta wa manya su dubi tagar. Haka kuma bayan da aka sake ɗaura ɗamara da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004 cewa karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne, ba yadda za a san ko dokar tana aiki sai an bi sawun yaran aji aji. Sabo da haka ƙorafina ba a kan ƙidaya ya ke ba. A kan sunan da aka ba abin da a ke ƙidayawa ya ke.

Don ku gane nufina, ku gwada juya kalmar da Hausa. Za ku ga Hausa ba ta yarda ka ɓoye a bayanta ba, sai ka zaɓi ɗaya. In ka ce asara, ka nuna abu ne da ya auka wa mutum ba da sonsa ba, kamar gobara ko fari, abin da a ke yi wa jaje. In ka ce ɓarna, ka nuna akwai maɓarnaci, ko akuya ce ta shiga gona, ko mutum ne ya yi ganganci, abin da a ke kai ƙara a kansa. In ka ce almubazzaranci, ka nuna mai abu ne da kansa ya watsar da dukiyarsa. In ka ce yoyo, ka nuna laifin mazubi ne, ba na ruwa ba. Kowace ɗaya tana ɗauke da tambaya a cikinta: asarar wa? Wa ya yi ɓarnar? Ina tulun ya tsage? Ita kuwa ta Turancin ta haɗiye tambayoyin nan duka, ta bar ka da lamba tsirara. Shi ya sa ta ke da daɗin rubutawa a rahoto, don ba ta ɓata wa kowa rai.

Yanzu mu koma kan abu ukun da na ce ku riƙe. Na farko, rashin suna. A littafin mai duba makarantu yara 12 ne suka fita. Amma a aji, ba 12 ba ne, ɗaya ɗaya ne, kowa da dalilinsa. Wannan yarinya tallan ƙosai ne ya hana ta zuwa da wuri, kullum ta zo a makare sai bulala, ran nan ta ga gara ta tsaya wajen tallanta. Waccan ta fara girma, makarantar kuwa ba ta da makewayi mai ƙofa, kunya ta zaunar da ita gida. Wannan yaro uban ya rasu, ya koma garejin kawunsa yana miƙa sifana. Wancan yana zaune can bayan aji, idonsa ba ya ganin allo, ba wanda ya lura, aka yi ta kiransa daƙiƙi har ya yarda shi daƙiƙi ne. Wani kuma damina ce ta kai shi ƙauye noma, da ya komo an wuce shi, ya ji nauyin zama da ƙannensa. Waɗannan cututtuka biyar ne, maganinsu biyar. Wanda ya tara su ya ba su suna ɗaya, magani ɗaya zai nema, ba kuwa zai warkar da ko ɗaya ba.

Na biyu, yarda da abin tun bai faru ba. Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro ga sabon malami. Tela ya yarda da ƙyalle don ba yadda za a yanka riga babu shi. To, ran da malami ya sa a ransa cewa kowane aji da nasa ƙyallen, ya gama sallama waɗansu yara tun ranar farko. Zai dubi na gaba masu ɗaga hannu ya ce su ne tsaba, na baya kuwa dusa, in iska ta kwashe su ba a yi asarar komi ba. Na sha jin malamai a ɗakin hutawa suna cewa, "Ai dama ba duka za su kai ba." In aji mai yara fiye da ɗari ya ragu, har wani ya kan ji sanyi a ransa, don littattafan da zai duba sun ragu. Ban ce mugun mutum ne ba, gajiya ce. Amma ku ga yadda kalmar ta ba gajiyarsa riga ta ilmi, har ta zama abin rubutawa da Turanci. Abin mamaki ma, ko mai surfe ba ta zubar da dusa, ta kan tara ta ba dabbobi ko ta sayar, tela kuma ya kan ajiye ƙyallensa don faci. Masu sana'a sun fi mu tattalin abin da suka kira saura.

Na uku, rashin mai laifi. In an tambayi makaranta, sai ta ce iyaye ne ba su san darajar ilmi ba. In an tambayi iyaye, sai su ce shekara huɗu yaro yana zuwa bai iya rubuta sunansa ba, don me za su ci gaba da sayen takalmi da littafi? In an tambayi hukuma, sai ta ce malamai ne. Malamai kuma su ce albashi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. A tsakiyar wannan jifa da juna, kalmar da ba ta nuna kowa da yatsa ita ce kowa ke so. Daga ƙarshe kuwa a kan yaro ta ke sauka, don shi ne ba shi da bakin magana a wurin taro. Alhali in ana ɗiban ruwa da tulu ana isa gida da rabi, ba ruwan a ke zagi ba, tulun a ke dubawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talla da gareji da aure da wuri duk suna nan a bakin makaranta suna jira, amma sun fi samun yaron da makaranta ta riga ta saki hannunsa.

Bayan wannan, ma'aunin kansa ya kan yi kuskure ta fuska biyu, ya kira riba asara, ya kira asara riba. Misalin na farko yana nan cikin garinmu. Malam Sa'adu Zungur ya tafi babbar kwalejin Yaba ta Ikko a 1934, ya baro ta bai kammala ba. A littafin lissafi, gurbinsa yana cikin "wastage". Amma mutumin nan shi ne ya komo Bauchi ya farkar da samari, shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, a taron tattaunawar da aka kafa a 1943, ya kuma bar waƙoƙin da har yau a ke nazarinsu a jami'o'i. Ku ma da ke karanta wannan, kalmar tana jiranku, don da ita a ke kiran malaman da aka horar suka bar aikin koyarwa. In haka ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, sa'an nan ya zama Firayim Minista a 1957, yana cikin lissafin. Haka Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya bar koyarwa a Midil ta Sakkwato a 1934 ya zama hakimin Raɓa. Makaranta ta rasa su, gaskiya ne, amma wa zai ce kuɗin horonsu ya bi ruwa?

Sai dai kada wani ya riƙe wannan ya mai da shi matashin kai. Malam Sa'adu ya bar Yaba ne da ilmin Arabiyya da na Turanci cike da kai, ya kuwa san abin da ya ke yi. Yarinyar da ta fita a aji uku ba ta iya haɗa baƙi ba, ba Yaba ta baro ba, duhu ta koma. Na kawo misalin ne kawai don ku ga kalmar ba ta iya bambanta fitar wannan da fitar waccan, sai mutum mai ido.

Ɗaya kuskuren kuwa ya fi muni. Yaron da ya zauna shekara shida cur, bai yi fashi ba, bai maimaita ba, aka tura shi gaba kowace shekara don a rage cunkoso, ya fito da takarda amma ba ya iya karanta wasiƙa, shi a lissafi riba ne. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 53 cikin 100 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi a shekara goma da haihuwa, a 2022 kuma, bayan rufe makarantun da annobar korona ta jawo, ƙiyasin ya kai 70. Da yawansu suna cikin aji, sunansu yana cikin rajista. Wace ɓarna ta fi wannan? An ci kuɗin hukuma, an ci na uba, an ci ƙuruciyar yaro, ma'auni kuwa ya ce lafiya lau. Har ma hanya mafi sauƙi ta gyara lambar ita ce a hana maimaita aji, a yi ta turawa. Sa'an nan ga waɗanda ba su taɓa taka makaranta ba. A 2022 UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa wajen miliyan 20 a Nijeriya ba su makaranta. Wanda bai taɓa shiga rajista ba cikinsu, kalmar nan ba ta san da zamansa ba, don abin da bai shiga tulu ba ba a cewa ya yoye.

In kuna son ganin inda a ke amfani da kalmar bisa daidai, ku leƙa ɗakin shan magani ranar allurar rigakafi. Maganin ƙyanda ya kan zo cikin 'yar kwalba mai isar yara goma, in an haɗa shi kuwa ba ya wuce awa shida, sai a zubar da abin da ya saura. Wannan saura ma'aikatan lafiya "wastage" su ke kiransa, suna kuma lissafinsa. Amma abin da a ke koya musu shi ne, ko yaro ɗaya uwa ta kawo, a fasa kwalbar a yi masa, kada a ce ta je ta komo sai an cika goma, don watakila ba za ta komo ba. Sun yarda magani ya tafi, don kada yaro ya tafi. Kun ga a can kalmar tana kan kwalba, yaro kuwa yana matsayinsa na wanda a ke yi domin shi. Haka ya kamata ta zauna a makaranta. Allin da ya ƙare ba a koyi komi ba, da awar da malami ya ɓata yana hira a gindin bishiya, da littattafan da gara ta ci a sito ba a raba ba, da ajin da aka gina iska ta yaye rufinsa aka bar shi, waɗannan su ne "wastage" na gaskiya. Yaro kuwa shi ne mai kayan da aka ɓannatar.

Na san wani zai ce, "Malam, duk wannan dogon bayani a kan kalma ɗaya? Ko an sake mata suna, yaran ba za su komo ba." Gaskiyarsa rabi. Sake suna kaɗai ba ya cika aji, shi ya sa ma rahotannin zamanin nan da yawa suka koma cewa masu barin makaranta da waɗanda ba su makaranta, yaran kuwa ba su fasa fita ba. Amma mu malamai da kalma mu ke aiki, kamar yadda maƙeri ke aiki da ƙarfe. Mun san in ka kira yaro daƙiƙi sau goma, ya zama. In har kalma tana iya karya yaro, tana iya kangarar da zuciyar malami. Abin da mutum ya saba faɗi, shi ya kan saba gani.

Don haka ga shawarata ga ɗaliban da za su fita gwajin koyarwa, da waɗanda za a ba aji nasu na kansu. Da fari, ku koyi kalmar sosai, ku iya lissafinta, ku ci jarrabawarku, don mai duba makarantu zai tambaye ku. Amma duk ran da kuka rubuta ta, ku tambayi kanku da Hausa: wannan asara ce, ko ɓarna, ko yoyo? In yoyo ne, ina tsagar ta ke? Na biyu, rajistar kiran suna ita ce makaminku, kada ku mai da ita aikin a gama a huta. Yaro ba ya ɓacewa rana ɗaya. Ya kan fara da makara, sa'an nan fashin Jumma'a, sa'an nan kwana uku a jere. In kun ga haka, kada ku jira ƙarshen zango, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambayi abokan zamansa, ku taka ku je ƙofar gidansu bayan la'asar, ku yi sallama da uban cikin ladabi, in ya faskara ku nemi mai unguwa ko limami. Unguwa irin tamu, gidan da ya fi nisa bai wuce tafiyar 'yan mintoci ba. Na uku, in yaro ya fita duk da haka, kada ku ja layi kawai a kan sunansa. Ku rubuta dalili a gefe, da inda ya koma, ko tsangaya, ko sana'a, ko wani gari, ko ɗakin miji. In kowane malami ya yi haka shekara ɗaya, hedimasta zai san cutar makarantarsa fiye da duk wani baƙo mai zuwa da takardar tambayoyi. Na huɗu, ku riƙa zagawa bayan aji, ku sa na can ƙurya ya karanta muku layi ɗaya. Wanda ke zaune shiru bai iya ba, ya riga ya fita, gangar jikinsa ce kawai ta saura a benci.

Ba na ce malami shi kaɗai zai toshe kowace tsaga ba. Ba shi ke gina makewayi ba, ba shi ke yanka albashi ba, ba shi ya kawo talauci gidajen mutane ba. Waɗannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, ya kuwa kamata mu riƙa faɗa mata da babbar murya, da lambobin nan nata a hannunmu. Amma akwai abu ɗaya da ke hannun malami wanda ba ya hannun kowa. Daga minista har sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, kowa lamba ya ke gani. Malamin aji shi kaɗai ne cikin jerin nan duka ya san fuskar yaron, ya san sunansa da na ubansa. In shi ma ya koma kiransa da sunan ƙyalle da dusa, to, yaron nan ba shi da sauran mai nemansa.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar da aka danƙa mana, amin.